Yadda Na Goge Fim Ɗin Haruna Gora

Da za a mayar da ni baya a ce in gyara abu ɗaya a rayuwata, ba zan taɓa batun gida ko gona ba. Shagona na bakin kasuwar Haɗeja zan koma, in kunna inji, in kwafi fim ɗin Haruna Gora tun kafin a zo a same ni. Ban yi ba. Da yatsan nan nawa na goge aikin da mutum yake zaune a gidan yari saboda shi, sannan na je na dubi tsabar idonsa na ce masa aikin yana nan lafiya lau. Sunana Sabo, Sabo Mai Bidiyo ake ce min. Karatuna bai wuce firamare ba, wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya yi haƙuri.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, kwanan baya na tarar da samarinmu masu wasan barkwanci da waya a teburin mai shayi, sun haɗa kai suna karanta labarin wani ɗan fim Bakurde na ƙasar Turkiyya, wanda hukuma ta yi ta ɗaurewa don ya nuna wahalar mutanensa, har yana tsare ana ɗaukar fim da umarninsa. Ɗaya ya ce, "Kai, waɗannan su ne maza! Mu ina za mu samu irinsa?" Wani ya ce, "Ai ɗaurin ne wuya, fim kam danna nan ne, danna can." Na ajiye kofina na ce, "An yi irinsa a garin nan, iyayenku suka kasa zuwa gaishe shi." Suka bushe da dariya, suka ce, "Baba Sabo ya fara." To, tunda na fara, bari in ƙarasa.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan ɗaukar batir ne. Maigidana Baba Lasisi, Bayarabe mai hoto da ya tsufa a garin nan, shi ya fara kawo kyamarar kafaɗa. Batirinta ba ya jimawa, sai muka koma batirin mota. Ni ne jakin. Yana gaba da kyamara, ina biye da batir a ka, waya ta haɗa mu kamar akuya da turke. In ya juya ban juya ba waya ta fita, ranƙwashi ya sauka. Na daɗe a haka kafin ya bar ni in sa ido a kyamara, kuma kafin nan sai da na koyi goge kan inji da ƙyalle mai tsabta, na koyi gane kaset ɗin da danshi ya sa ya yi fumfuna tun daga warinsa. Garinmu garin ruwa ne, da damina kaset yana lalacewa a cikin akwati ba wanda ya taɓa shi. Ku yanzu kuna ɗauka sau goma ku zaɓi ɗaya. Mu kaset tsada gare shi, a Kano ake sayowa. Kafin ka danna sai ka san abin da za ka ɗauka, domin abin da ya wuce ya wuce.

A wani bikin kamun kifi a gefen Guri na fara haɗuwa da Haruna. An ɗauke ni in yi hoton manyan baƙi a rumfa. Ina cikin aiki sai wani dogon mutum ya fito daga ruwa, jiƙe sharkaf, ya kama kafaɗata ya juya ni da kyamarar gaba ɗaya. Ya ce, "Kai Bafillace, masu hula ka zo ɗauka ko masu kifi? Waɗancan ko gobe suna nan a zaune. Dubi can!" Na duba, sai ga maza sun hau gora sun bazu a ruwa da komarsu, rana tana dukan bayansu. Ban taɓa ɗaukar abu mai kyan wannan ba. Wanda ya ɗauke ni aikin ya yi ta faɗa, amma daga ranar na zama mai kyamarar Haruna.

Ubansa Bamange ne, uwarsa daga cikin Badawa, ni kuwa kakannina da shanu suka shigo gari, saboda haka wasa ne tsakaninmu tun daga ranar farko. Ya girme ni, Yaya nake ce masa. Shi kuwa bai taɓa kiran sunana ba. "Bafillace, kai da ruwa sai a ƙwarya." In na shiga jirgi na ƙanƙame kyamara sai ya girgiza shi da gangan. Sunan Gora ya samo shi ne daga wasanninsa na farko, inda yake fitowa a wawan masunci da ke barci a kan gora har ruwa ya kai shi wani gari. Mutane sun so shi a lokacin. In ya shigo kasuwa mahauta su miƙa masa tsire, 'yan acaɓa su yi ta rigimar wanda zai ɗauke shi. Ku riƙe wannan, domin waɗannan mutanen ne suka ɓace daga baya.

Kada ku ɗauka wasa ne aikin nasa. Haruna bai iya rubuta labari a takarda ba, a kansa yake riƙe komai, amma ya san hasken kowane lokaci. Ba ya yarda a ɗauki fuskar baƙin mutum da tsakar rana. Kwali muke samu mu manna masa takardar cikin kwalin sigari mai ƙyalli, mu haska fuska da shi. Makirufo a kan gorar tuƙa jirgi muke ɗaure shi, mu sa masa safa saboda iska. Janareta kuwa sai an kai shi bayan tudu an ja waya mai tsawo, in ba haka ba ƙararsa ta cinye magana. Wata rana mun yini cikin ruwa iya ƙugu muna jiran tsuntsaye su tashi daga cikin ciyawar kacala, matsattsaku suna cin ƙafafuna. Na ce, "Yaya, ko mu jefa dutse?" Ya ce, "Tsuntsun da aka kora da wanda ya tashi don kansa ba tashinsu ɗaya ba. Tsaya."

Shekarar da ta ɓaci mana ita ce shekarar da ruwa bai je ƙauyen su uwarsa ba. Ba fari aka yi ba. Wani babban ɗan siyasa na yankinmu, ba zan kama sunansa ba, Onarabul kawai zan ce masa, ya kawo motar tura ƙasa ya datse hanyar ruwa, ya karkatar da shi gonarsa ta shinkafa. Tafkunan ƙauyuka suka ƙafe, inda ruwan ya tsaya kuma kacala ta cinye. Masunta suka koma dako a tasha. Haruna ya zo shago ya ce ya gaji da barci a kan gora, fim zai yi na masuncin da ya fasa datsiya. Shi ne zai fito a masuncin, sauran kuwa mutanen ƙauyen ne da kansu. Ya kuma ce tsofaffi da Badanci za su yi magana.

A nan muka fara samun matsala da masu sayar da kaset na Kano. Ɗaya daga cikinsu ya ce masa, "Malam Haruna, wa zai sayi yaren da ba a ji? Ka sa waƙa biyu, ka sa su yi Hausa." Haruna ya ce, "Alhaji, da aka datse musu ruwa da Hausa suka yi kuka, ba wanda ya ji. Bari su gwada da nasu." Har yau in na tuna mutumin nan raina yana ɓaci. Shi da irinsa sun ci arziki da wautar Gora, ranar da ya zo da hankalinsa suka nuna masa ƙofa.

Ɗaukar da ba zan manta ba ita ce ta Bulaman ƙauyen, tsoho ne tukuf. Mun zaunar da shi a tsakiyar busasshen tafki, ƙasa ta tsattsage, tsohon jirginsa a kife a bayansa. Haruna ya ce masa kawai, "Baba, faɗi sunayen ruwan." Tsohon ya fara jero sunan kowane tafki da kowace mashiga da Badanci, da kifin da ake samu a ciki, da gidan da ke da haƙƙin fara jefa koma. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma ban ɗaga ido daga kyamara ba har kaset ya ƙare. Kafin kaka tsohon ya rasu.

Mun yi fiye da rabin fim ɗin sai aka kama Haruna. Mun gina 'yar datsiyarmu ta wasa, nesa da gonar mutumin, muka ɗauki yadda yake sara ta da fartanya. Labari ya kai cewa yana koya wa mutane ɓarna. Aka ce tayar da hankalin jama'a ne, aka hana beli, aka yi ta ɗage zama. Zaɓe yana matsowa, kowa ya san dalili. Sharaɗin da aka aika masa shi ne ya miƙa fim ɗin, ya je ƙofar gidan mutumin ya durƙusa ya ba da haƙuri a gaban jama'a, a sake shi a ranar. Ya ce a gaya musu gwiwarsa tana ciwo.

Ina mahautan? Ina 'yan acaɓan? Ranar ziyara daga ni sai matarsa Adama da ƙanensa Isa. Wasu ma in sun hango Adama a kasuwa sai su shige wani layi. Amma a bakin kowa, "Allah sarki Gora."

A ɗakin ziyara ya ƙarasa fim ɗin, da baki. Na ce, "Yaya, ai sai ka fito, tunda kai ne masuncin." Ya ce, "Bafillace, kanka kamar na saniyar da ta sha rana. Isa ba tsawonmu ɗaya ba? Sa masa malafata da rigata. Kada ka taɓa nuna fuskarsa. Ta baya za ka bi shi, da sassafe, kafin rana ta yi ƙarfi. Mutumin da ya fasa datsiya ai ba ya waiwaye." Haka muka yi. Kowace ziyara sai ya tambaye ni abin da na ɗauka, in faɗa, ya rufe ido yana gani. "Jirgin daga dama ya shigo ko daga hagu?" In ce daga hagu. "Koma ka sake. A baya ta hagu ya fita, ya za a yi ya dawo ta inda ya bi?" Mai gadin wurin har ya saba, wata rana ya ce, "Malam Haruna, to a ƙarshe yana mutuwa ne?" Ya ce, "Sai ka saya ka gani, yallaɓai."

Yanzu ku saurari yadda ake haɗa fim a wancan zamani, domin a nan laifina yake. Inji biyu ne, ɗaya yana karanta ɗanyen ɗauka, ɗaya yana ɗauka a sabon kaset, kai kuma kana tsakiya da yatsu biyu. Daga farko kake jerawa har ƙarshe, in ka yi kuskure a tsakiya sai ka sake duk abin da ya biyo baya. Kaset ɗin da ya fito shi ne masta, uwar sauran. Ɗanyun kuwa ba ma ajiye su. Da an gama haɗi sai su koma aikin biki da suna, a ɗora sabon hoto a kansu. Haka kowa yake yi, haka na yi. Kafin wata ya ƙare, Bulama da sunayen ruwansa ba su ko'ina a duniya sai a masta ɗaya, a cikin akwatina.

Da na gaya wa Haruna an gama, abin da ya fara cewa shi ne, "Yi kwafi yau. Ɗaya ka ba Adama, ɗaya Isa ya kai Guri, ɗaya ka tura Nguru wurin kawuna." Na ce to. Na koma shago na kunna mastan, na ga yadda hoton ya fito tas, har ana ganin tsagar ƙasa a ƙarƙashin ƙafar tsohon. Injina ya tsufa, duk kwafin da ya yi sai hoto ya dushe, launi ya zube, kuma kowace kunnawa tana cin jikin masta. Sai na ce a raina, aikin da na fi kowanne iyawa ba zai fita da dishi-dishi ba, bari zaɓe ya wuce in kai shi Kano a buga a babban inji. Ba tsoro ba ne a lokacin, girman kai ne na mai sana'a. Shi yana tsare ya san abin da ake gudu, ni ina waje ina tunanin launi.

Wata rana da hantsi yaran Onarabul suka zo, mutum uku, da sallamarsu da fara'arsu. Babbansu ya zauna a bencina ya ce, "Malam Sabo, Onarabul yana gaishe ka. Ya ce duk taronsa na bana kai za ka ɗauka. Ga na jiya ma, wani ya ɗauka, muna so ka juye mana shi." Na miƙa hannu zan ɗauko sabon kaset. Ya ce, "A'a. A kan na Gora za ka juye." Na ce ba ya nan. Ya dubi akwatin, ya dubi injinana, ya tambayi lafiyar yarana, kowanne da sunansa. Ba wanda ya ɗaga min murya, ba wanda ya taɓa ni. A gefen kaset akwai ɗan haƙori da muke karyewa don kada a yi kuskuren ɗora wani abu a kan masta. Ni na karye shi da hannuna ranar da na gama haɗi. Ni kuma na yanko salatif na toshe ramin, na sa kaset ɗin a inji, na danna. Suka zauna suna shan lemo har ya kai ƙarshe. Da za su tafi babban ya ce, "Akwai wani?" Na ce babu. Ita ce kaɗai gaskiyar da na faɗa a wannan al'amari har aka saki Haruna.

A ziyara ta gaba Haruna ya riga ni magana. Ya rame, ya fara tari. Ya ce, "Sun aiko wai an goge fim, wai in zo in durƙusa tunda ba sauran abin da nake karewa. Na yi musu dariya. Bafillace, ka yi kwafin nan ko?" Adama tana gefe da kwanon tuwo. Na ce, "Na yi, Yaya." Ya ce, "Uku?" Na ce, "Uku. Na dai canja wurin ajiya, kada a bi ta kan iyali." Ya buga cinyarsa ya ce wa Adama, "Kin ji ko? Su goge na hannunsu su sha ruwansa!"

A kan wannan maganar tawa ya sake cin damina guda a ciki, a ɗakin da ruwa ke tsattsafowa ta ƙasa. Kowace ziyara ina zuwa da niyyar faɗa, in komo ban faɗa ba. A tsakanin nan kuma ina bin Onarabul ƙauye ƙauye da kyamara a kafaɗa. Ban ce da Haruna ya sani zai durƙusa ba, wataƙila ba zai yi ba. Amma zaɓinsa ne, ni na ƙwace masa.

Bayan zaɓe aka sake shi shiru, ba hukunci, ba bayani. Bai aiko min ba. Ranar kasuwa da la'asar sai ga a-kori-kura ta tsaya a ƙofar shagona, cike da mutanen ƙauyen, maza da tsofaffin mata, har da 'ya'yan marigayi Bulama. Haruna ya sauko yana dogara Isa, yana dariya yana tari. "Bafillace, fito da talabijin waje! Na kawo masu fim su ga fim ɗinsu. Waɗannan sun zo jin muryar ubansu."

Na fito da talabijin. Na ja waya. Na tayar da janareta. Duk wannan na yi shi a hankali kamar wani abu zai sauko daga sama ya cece ni. Mutane suka zauna a ƙasa, 'yan kasuwa suka taru a baya. Haruna ya ce, "Wanne ka ɗauko, na Nguru ko na gida?" A nan ne na faɗa, a gaban kowa. Na ce babu na Nguru, babu na gida, ban taɓa yin kwafi ba, mastan kuma ni na goge shi.

Bai yarda ba sai da ya sa na kunna. Ga Onarabul a kan mota yana ɗaga hannu, maroƙa suna kirari. Ya sa na tura gaba, na sake turawa, har ƙarshe. Babu komai. Wata tsohuwa ta tambayi Isa wani abu da Badanci, ya amsa mata, ta tashi ta kakkaɓe zanenta ta koma mota. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Haruna ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Malam Sabo." Tunda muka haɗu bai taɓa kira na haka ba. "Gogewar ban riƙe ka ba, mutum uku ne a kanka, kana da yara. Kwafin ma na san halinka da son hoto mai kyau. Amma ka zo ka zauna a gabana, ka ga tarin nan, ka ce uku." Na ce, "Yaya, ka yafe min." Ya ce, "Wannan sai na yi tunani." Ya juya, Isa ya taimaka masa ya hau mota.

Ya so ya sake fim ɗin da wani mai kyamara, amma Bulama ya tafi, mutanen ƙauyen sun watse, kuma aka aiko masa cewa takardar ƙararsa ba a yage ta ba, ajiye ta aka yi. Ya kwashe iyalinsa ya haura Nijar, wajen dangin ubansa. Can tarin ya ƙarasa shi. Sakamakon tunanin da ya ce zai yi bai iso ni ba. Kasetocin barkwancinsa da suka rage a gari fumfuna ta cinye su, shi ya sa ku da kuke neman maza a ƙasar Turkiyya ba ku taɓa ganin fuskarsa ba.

Ku kuna da abin da ba mu da shi, kafin a ƙwace waya kun tura abu gari goma. Amma masu zuwa da sallama da fara'a ba su ƙare ba, kuma za su san sunayen yaranku. Roƙona gare ku biyu ne. In kun ɗauki abin da wani mai ƙarfi ba ya so a gani, kada ku tsaya gyaran launi, ku raba shi a ranar ko da dishi-dishi ne. In kuma an fi ƙarfinku kun ba da kai, to ku je da ƙafarku ku gaya wa wanda yake shan wuya saboda aikin, tun yana da sauran zaɓi. Ni na tsaya jiran lokacin da ya dace, lokacin ya zo min da mota cike da masunta. Don Allah kada ku yi irin tawa.